Tausayin da Ke Kiwon Tsoro

Shekara ashirin da ɗoriya baffana ya yi yana kai rake kasuwar Maƙarfi daga gonarsa da ke ƙasar Kudan. A saman lodi yake zama, ƙafafu na reto, yana raha da 'yan dako. Wata safiyar hunturu motar ta ƙwace wa direba ta kife a gefen hanya. Ba a rasa rai ba; shi kansa gurjewa kawai ya yi a gwiwar hannu, kafin mako biyu ta warke. Amma tun daga ranar, da zarar ya ji rurin babbar mota sai gabansa ya yanke ya faɗi, gumi ya karyo masa, numfashi ya yi masa nauyi kamar an aza masa buhun masara a ƙirji.

Sai muka tausaya masa, irin tausayin da aka san mu da shi. Babban ɗansa ya karɓi kai kaya kasuwa. Bayan wata biyu aka lura ko babur ba ya hawa, aka riƙa yi masa aike. Da ya ce cunkoson masallacin Juma'a na sa shi jiri, aka ce ya yi azahar a gida, Allah ya ga uzurinsa. Kafin rake ya sake isa sara, mutumin da ya san kowane dillali da sunan ubansa ya koma duniyarsa ta tsaya tsakanin ɗaki da zaure. Babu wanda ya sa masa mari. Mu masu ƙaunarsa ne muka yi ta matso masa da katanga, kowace rana taku ɗaya, muna kiran hakan jinƙai.

Hukunci uku aka yanke masa. Abokansa na majalisa suka ce ragwanci ne, ai faɗuwar gaba asarar namiji. Matan gida suka ce iska ce ta shafe shi a inda motar ta faɗi, aka shiga hayaƙi da turare. Ni kuwa, ɗan makaranta mai waya a hannu, na karanta labarin wata na'ura da ake ɗorawa a kai ta motsa ƙwaƙwalwa, na ce da a Turai muke da tuni an warkar da shi. Dukkanmu mun yi kuskure, kuma kuskuren iri ɗaya ne: kowa ya samo dalilin da zai sa a bar baffa zaune a zaure. Hujjar da nake son kafawa ita ce, a cutar fargaba gudu shi ne abincin ciwon, kuma duk maganin da bai mayar da mutum inda ya gudo ba, ko na gargajiya ne ko na lantarki, bai taɓa saiwar matsalar ba.

Tsoro a asalinsa baiwa ce. A can cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, akwai wani curin jijiyoyi da bai fi kwanson gyaɗa girma ba, wanda masana ke kira amigidala. Aikinsa gadi ne. Idan wani sauti ko wari ko wuri ya zo tare da cutarwa, sai ya ƙulla su wuri ɗaya ya ajiye. Ranar da alamar ta sake bayyana, yakan buga ƙararrawa tun kafin tunani ya gama tantancewa: sinadarin adiranalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, ƙafa ta yi shirin sheƙawa. Joseph LeDoux na Jami'ar New York ya shafe shekaru yana bin sawun wannan hanya a ƙwaƙwalwar ɓeraye. Bahaushe ya riga shi ganin sakamakonta, shi ya sa ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai karin maganar ta tsaya a rabin hanya. Me ya hana wanda aka sara gane cewa tsumma ne? Amsar tana cikin gudun da ya yi. A 1947 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Hobart Mowrer, ya bayyana cewa matakai biyu ne ke kafa wannan tarko. Na farko, a koyi tsoron alama. Na biyu, a kauce mata, sai a ji sanyi a zuci nan take. Wannan sanyin lada ne, kuma ƙwaƙwalwa na maimaita duk abin da ya kawo mata lada. Sashen da ke kula da lada da sabo, wanda ake kira sitirayatam, shi ke karɓar ragamar a hankali, har kaucewa ta zama ɗabi'ar da ba ta jiran shawara.

A 1953 Richard Solomon da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka nuna ƙarfin wannan sabo. Sun sanya karnuka a akwati mai ɗaki biyu, ana ba su alama sannan a sakar musu lantarki a ƙafa. Karnukan suka koyi tsallake shinge da zarar alamar ta zo. Daga baya aka kashe lantarkin gaba ɗaya, amma suka ci gaba da tsallakewa sau ɗaruruwa. Ta yaya za su san an kashe, alhali ba su taɓa tsayawa sun gani ba? Bincike na baya ya nuna cewa ɗabi'ar ta fi saurin mutuwa idan dabbar ta zauna a wurin ta ga babu abin da ya same ta.

A nan ne ɓangaren goshi na ƙwaƙwalwa ke shigowa. Shi ne mai iya ce wa amigidala ta yi shiru, amma kamar alƙali yake, ba ya yanke hukunci sai da shaida. Shaidar da yake buƙata guda ce: ƙararrawa ta kaɗa, an tsaya, ba abin da ya faru. Idan hakan ya maimaitu, sai a rubuta sabon darasi a gefen tsohon, ya riƙa danne shi. Tsohon bai goge ba, shi ya sa tsoro kan waiwayo a lokacin gajiya ko tashin hankali, amma sabon darasin na ƙara ƙarfi da kowace maimaitawa. To, duk ranar da muka ce wa baffa ya zauna za mu je masa, mun hana alƙalin nan ganin shaida, mun kuma ba wa sabon gudu ladansa.

Yanzu bari in koma kan masu hukunci ukun nan, in fara da 'yan majalisa. Kalmar rago ba ta taɓa warkar da kowa ba. Abin da take yi shi ne ta ƙara wa mutum wani abin gudu, wato idon jama'a. Wanda da mota kaɗai yake tsoro, yanzu ya koma tsoron a gan shi yana rawar jiki, sai ya daina zuwa ɗaurin aure da jana'iza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun kulawa. Shin dukkansu ragwaye ne? Hukumar ta kuma nuna cewa mata sun fi maza kamuwa. A wurinmu nasu ciwon ya fi ɓuya, domin yakan sa rigar kunya. Matar da ta shekara ba ta iya zuwa awo ko gidan suna ba saboda bugun zuciya, yabonta ake yi da kamun kai. Ba ina sukar kunya ba ne. Ina cewa akwai bambanci tsakanin wadda ta zaɓi zaman gida da wadda ƙofa ta gagare ta, kuma mijin da bai iya bambance su ba bai san matarsa ba.

Sai masu cewa iska. Ba ni da rigima da addu'a. Baffa bai daina ta ba, kuma ta riƙe shi a darare masu tsawo. Rigimata da sharuɗɗan da ake haɗawa da ita ne: kada ya bi ta hanyar da abin ya faru, kada ya fita bayan magariba, kada ya shiga taro. Ka auna waɗannan da abin da muka gani game da ƙwaƙwalwa, za ka ga jerin kaucewa ne aka ba shi a matsayin magani. Wanda ya ce fuskantar abin tsoro ra'ayin Turawa ne, ya nemi littafin Masalihul Abdan wal Anfus na Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a shekara ta 934 miladiyya. Wannan malami ya ware babi a kan tsoro da firgita, ya kuma ba da shawarar mutum ya riƙa saba wa idonsa da kunnensa da abin da ke razana shi har ya daina tasiri. Shekara dubu ke nan kafin Joseph Wolpe, likita daga Afirka ta Kudu, ya tsara hanyar fuskantar tsoro mataki-mataki a littafinsa na 1958. Gadonmu ne muka bari a ƙura.

Mun kuma ga inda ɓoye mara lafiya ke kaiwa idan ya yi nisa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, iyalansu ne suka kai su gyaran hali. Jama'a suka yi tir, kuma sun yi daidai. Amma zauren baffa da wancan gida tunani ɗaya ya gina su: a kawar da mai matsala daga idon duniya har Allah ya kawo sauƙi.

Akwai kuma kaucewa ta huɗu da ake sayarwa a kanti. Matashin da gabansa ke faɗuwa kafin ya shiga kasuwar tumatir ta Ikara yakan haɗiyi ƙwayar kwantar da hankali irin su diyazafam ba da izinin likita ba. Tana aiki cikin mintuna, shi ne ma haɗarinta. Ƙwaƙwalwa za ta rubuta cewa ƙwayar ce ta cece shi, gobe ba zai iya fita ba sai da ita, jibi sai ya ƙara yawanta. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Akwai magungunan fargaba na gaskiya da likita ke rubutawa, masu ɗaukar makonni kafin su fara aiki, kuma suna taimaka wa mutane da yawa. Kafin ma a kai nan, ya wajaba a duba mai bugun zuciya ko ƙarancin jini ne, ko ciwon maƙoƙo, ko zuciyar ce kanta. Wannan aikin asibiti ne, mai shagon magani ba shi da hurumi a cikinsa.

Mai karatu zai iya tare ni ya ce: kana magana kamar babu maciji a ƙasar nan sai tsumma. Wannan ƙorafi ne mai nauyi, ba zan wuce shi ba. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka kashe masallata a ƙauyen Saya-Saya da ke ƙaramar hukumar Ikara. Manomin da ya ƙi zuwa gona mai nisa saboda an ga baƙin fuska a dajin, hankali ya yi, kuma ba likita yake buƙata ba, tsaro yake buƙata daga hukuma. Ma'aunin shi ne a tambaya: abin da yake gudu, maƙwabtansa masu hankali suna gudunsa? Gudun ya tsaya a kan haɗarin, ko ya bazu zuwa abubuwan da ba su da alaƙa da shi? Wanda ya tsira daga hari, bayan shekara biyu kuma ya koma wani gari amma har yanzu ƙarar rufe ƙofa na jefa shi ƙarƙashin gado, tsoronsa ya zarce dalilinsa. Rashin tsaro ya ƙara yawan irin waɗannan mutane, don haka ya ƙara nauyin hujjata.

Saura ni da na'urata. Gaskiya ne akwai ta. A 1985 Anthony Barker a Sheffield ta Ingila ya nuna cewa idan aka ɗora naɗin waya a kan ƙoƙon kai aka saki bugun maganaɗisu, ana iya motsa jijiyoyin da ke ƙarƙashinsa ba tare da tiyata ba. Wannan hanya, da ake taƙaita sunanta da TMS, daban take da jijjigar lantarki da aka fara a Italiya a 1938. Mutum na zaune ido biyu ake yi masa, ya tashi ya tafi gida. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita don ciwon baƙin ciki mai tsanani a 2008, sannan don cutar waswasi a 2018. Ci gaba ne, ba na raina shi.

Amma da na ƙara karatu sai zumuɗina ya ragu. Bugun maganaɗisun santimita kaɗan yake shiga, amigidala kuwa tana can ciki. Abin da ake motsawa shi ne ɓangaren goshi, wato alƙalin nan, da fatan ya ƙara ƙarfin murya. Ƙarfafa alƙali ba ya maye gurbin shaida. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tsarin da aka amince da shi don waswasi: kafin a kunna na'urar, sai an tunkaro wa mara lafiya ainihin abin da ke tayar masa da hankali, domin jijiyoyin da ake son gyarawa su farka. Ashe ita ma na'urar ba ta yarda da gudu ba. Ƙari a kan haka, magani ɗaya yakan ɗauki zama kusan 30 cikin mako shida, kwana biyar a kowane mako. A ce gobe an girke ta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Mutumin da ciwonsa shi ne ba ya iya shiga mota, ta ina zai je sau talatin? Ranar da ya iya zuwa, ai rabin aikin ya riga ya gama shi a hanya. Mafarkin na'ura ya zame mini abin da iska ta zame wa matan gida: dalilin naɗe hannu.

To wa zai yi aikin? Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha kokawa cewa yawansu bai kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. Jiran su isa Hunƙuyi wani gudun ne. Sa'ar da muka yi ita ce koyar da fuskantar tsoro mataki-mataki ba ya buƙatar wuta ko injin ƙasar waje. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da marasa lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙauyukan da ke kewaye da Aro, kusa da Abekuta, suna zaune cikin jama'a tare da danginsu, har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa da taya su warware matsala. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna alamun baƙin ciki da na fargaba sun ragu ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da ƙananan ma'aikatan lafiya tun 2008, kuma a 2023 ta ƙara masa sashe a kan fargaba. A farkon 2023 ne shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Doka ta samu, ilimi ya samu.

Makaranta ma muna da ita a ƙofar gida. Kwalejin Shehu Idris da ke Maƙarfi ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda su ne ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauyukanmu. Kirana ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan shi ne kada ɗalibi ya fita daga nan sai ya iya abu uku: gane fargaba idan ta zo da rigar ciwon ƙirji ko jiri, zama da mara lafiya su tsara matakalar fuskanta daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya, da sanin lokacin da za a tura shi Zariya ko Kaduna. Limamai su faɗa a huɗuba cewa bugun zuciya ba raunin imani ba ne. Iyalai kuma su sauya salon tausayi, maimakon «zauna in je maka» a koma «tashi in raka ka». Rakiya nake nufi, da yardar mai ciwon, a kan saurin da zai iya. Wanda aka tura da ƙarfi ko aka yi wa ba-zata, sabon sara aka yi masa.

Wata ma'aikaciyar lafiya ce, 'yar maƙwabcinmu da ta zo ganin gida, ta fitar da baffa. Ta saurare shi, ta auna jininsa, sannan ta ce: «Baba, ba za mu je kasuwa ba. Bakin titi kawai za mu tsaya, mu ji motoci uku su wuce.» Ya tsaya yana karkarwa, ta hana shi juyawa da lallashi har bugun ya lafa da kansa. Kwana biyar suka yi a wannan mataki, ni ne ɗan rakiya bayan ta koma bakin aiki. Daga nan ya zauna a motar da ke tsaye a kashe, sai a kunne, sai tafiya daga gida zuwa inda ake dafa mazarƙwaila. Akwai makon da ya koma baya, ya ce a ƙyale shi; muka sauko mataki ɗaya muka sake hawa. A wata na huɗu ya isa Maƙarfi, a gidan gaba, hannunsa riƙe da ƙofa.

Har yau bai koma saman lodi ba, kuma idan direba ya taka birki da ƙarfi yakan runtse ido. Na taɓa tambayarsa ko tsoron ya tafi. Ya ce: «Yana nan, ɗana. Tare muke zuwa kasuwa, shi ma ya biya kuɗin mota.» A Ikara da Maƙarfi da Kudan akwai zauruka da yawa irin nasa, kuma a kowanne akwai ɗa ko ƙane mai biyayya da ke shirin tafiya aike gobe da safe. Shi nake roƙo ya dakata, ya leƙa ciki ya ce a fito a tsaya bakin titi.